Malaika: Waƙar Saurayin da Rashi Ya Hana wa Aure

  

Yau tarihin wata waƙa za mu ba ka. Ba a nan Arewa aka yi ta ba. Ba mai goge ko mai gurmi ya tsara ta ba. Daga nesa ta fito, daga gabashin Afirka. Amma in ka ji abin da take faɗi, sai ka rantse wani saurayin Matankari ne ya yi ta, ko na Dumega. Sunan waƙar Malaika. Ta haura shekara 60 ana rera ta, kuma har yau ba ta tsufa ba. Gyara zama ka ji dalili.

Sunan da ka riga ka sani

Da harshen Suwahili aka yi waƙar. Suwahili shi ne babban harshen ƙasashen Kenya da Tanzaniya. Yadda Hausa ke haɗa mutane a kasuwannin yamma, haka Suwahili ke haɗa su a kasuwannin gabas. Asalin masu harshen Musulmi ne na bakin teku, mutanen Mombasa da Zanzibar. Sun daɗe suna ciniki da Larabawa, kamar yadda kakanninmu suka yi ta hanyar hamada. Saboda haka kalmomi da yawa sun zo ɗaya tsakaninmu da su.

Mu mun ce duniya, su sun ce dunia. Mun ce labari, sun ce habari. Mun ce albarka, sun ce baraka. Mun ce alƙalami, sun ce kalamu. To, haka malaika take. Ita ce mala'ika da ka sani tun kana makarantar allo. Sai dai su sukan kira jariri da wannan suna, saboda ba shi da laifin kowa. Saurayi ma yakan kira budurwarsa da shi, in ta kai masa ko'ina a rai.

Abin da waƙar ke faɗi

Waƙar gajera ce. Ba ta da kirari, ba ta da habaici, ba ta zagin kowa. Kiɗanta a hankali yake tafiya, kamar mai lallashin yaro.

Saurayi ne ke magana da yarinyar da yake so. Wani wuri ya kira ta mala'ika, wani wuri ya kamanta ta da ɗan ƙaramin tsuntsu. Yana gaya mata ita ce a ransa. Yana gaya mata da da hali, da tuni an ɗaura. Amma hannunsa babu komai. Abin da ake bayarwa a karɓi mata ya fi ƙarfinsa. Iyakar maganar ke nan. Ita yake ta maimaitawa har waƙar ta ƙare.

Ka lura da abu guda. Saurayin bai ce yarinyar ta yaudare shi ba. Bai ce iyayenta mugaye ba ne. Bai yi alkawarin zai je ya nemo ya dawo ba. Ya riga ya san an gama. Kuka ne na mutumin da aka kayar ba tare da an yi kokawa ba. Wanda ya kayar da shi kuwa ba ya ganuwa, balle a rama. Sunansa rashi.

Zamanin da aka yi ta

In kana so ka gane waƙa, nemi zamaninta.

Turawan Ingila ne suka mallaki Kenya. A 1899 suna shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, sai suka kafa zango a wani fili. Zangon nan shi ya zama birnin Nairobi. Turawa suka karɓe gonaki masu kyau. Suka aza wa mutane harajin ɗaki, kuma da kuɗi ake biya. Wanda ba shi da kuɗi dole ya bar gida ya je ya yi wa wani aiki. Samari suka riƙa kwarara birni. Ka san irin wannan tafiya. Ita ce bidar da yaranmu ke zuwa Lagos, Kwatano da Abijan.

A da, a wurare da yawa na ƙasar, da shanu da awaki ake aure. Uba da baffanni ke haɗa wa yaro dabbobin. Da zamani ya juya, sai kuɗi suka shiga cikin maganar. Saurayin da ke birni ya yi nisa da garken ubansa. Albashinsa bai taka kara ya karya ba. Ga kuɗin haya, ga abinci, ga haraji. In shi da attajiri suka haɗu a ƙofar gida ɗaya, ka san wanda za a shimfiɗa wa tabarma.

A wannan zamani ne kuma jita ta yaɗu. Jita abin kiɗa ce mai tsirkiya shida, ƴar'uwar gurmi da garaya. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, Ingila ta ɗebi samarin gabashin Afirka soja. Wasu an kai su Habasha, wasu har Bama, inda aka kai Hausawan Nijeriya su ma. Cikinsu akwai waɗanda aka sa su yi wa soja kiɗa. Da aka gama yaƙi suka dawo da sabon hannu. Kamfanoni suka fara ɗaukar waƙoƙinsu a faifan garmaho. Daga wannan gari da wannan hali Malaika ta fito.

Wa ya yi ta?

Nan ne gardama take, kuma har yau ba a raba ta ba.

Mutumin da ya fitar da ita a faifai har ta yi suna shi ne Fadhili William. Ɗan Kenya ne, daga ƙabilar Taita. An haife shi a 1938. Ya ɗauki waƙar wajen 1960 tare da ƙungiyarsa mai suna Jambo Boys. Ya sake ɗaukar ta a 1963, shekarar da Kenya ta sami ƴancin kai. Shi dai har ya bar duniya yana cewa tasa ce. Ya ce wata yarinya ya so tun yana ɗan makaranta. Ba shi da abin biya, sai aka ba wani mai hali.

Mutanen Tanzaniya kuwa sun ce ba haka ba ne. Sun ce wani ɗan ƙasarsu, Adam Salim, shi ya tsara ta tun 1945, lokacin yana zaune a Nairobi wurin neman abinci. A nasu labarin, ya so wata yarinya ana ce mata Halima. Iyayenta suka ƙi shi don ba shi da sadaki. Suka aurar da ita ga wani attajiri. Baƙin cikin wannan ya sa ya yi waƙar, yana rera ta a wuraren wasa. In haka ne, Fadhili yana ɗan shekara 7 aka yi ta.

Akwai kuma masu ambaton wani mawaƙi, Grant Charo, su ce shi ma da hannunsa a ciki.

Ba mu za mu yanke wannan shari'a ba. Amma dubi wani abin mamaki. Mutum biyu na jayayya a kan waƙa guda, kowa ya ce a kansa abin ya faru. Da aka ce kowa ya kawo labarinsa, sai labarin ya zo iri ɗaya: yaro, yarinya, iyaye, mai kuɗi. Ba abin mamaki ba ne in duka biyun abin ya same su. A Nairobi ta wancan lokaci, samarin da aka yi wa haka ba su ƙidayuwa. Shi ya sa da waƙar ta fito kowa ya ce tasa ce.

Yadda ta zaga duniya

Wata mata ce ta fitar da ita daga gabashin Afirka. Sunanta Miriam Makeba, ƴar Afirka ta Kudu, an haife ta a 1932. A ƙasarta Turawa tsiraru ne ke mulki, suna ware baƙar fata a komai. Ta fita waje tana waƙa. A 1960 uwarta ta rasu, ta nemi komawa gida jana'iza, gwamnati ta soke fasfonta. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi zaluncin da ake yi wa mutanenta. Sai a 1990 ta sake taka ƙasarta.

Makeba ta koyi Malaika, ta so ta. A 1965 ita da wani shahararren mawaƙin Amurka, Harry Belafonte, suka fitar da faifai tare, da waƙar a ciki. A 1966 faifan ya ci kyautar Grammy, wadda ita ce babbar kyautar mawaƙa a Amurka. Daga nan waƙar ta shiga gidajen rediyon duniya.

A 1968 Makeba ta dawo yammacin Afirka da zama. Ta sauka Gine, wurin shugaba Seku Ture, ta yi shekaru a can. Ta yi wasa a ƙasashe da yawa na Afirka. Tana cikin mawaƙan da suka je babban bikin al'adu na Lagos a 1977. Ta rasu a Italiya a 2008, jim kaɗan bayan ta sauko daga dandalin waƙa.

Wasu ma sun ɗauka. A 1981 ƙungiyar Boney M, wadda aka kafa a Jamus, ta rera ta da kiɗan rawa. A 1991 Angélique Kidjo, ƴar maƙwabciyarmu Benin, ta sa ta cikin faifanta mai suna Logozo. Yau kuwa tana cikin wayoyin salula. Wataƙila ka taɓa jin ta a rediyo ko a cikin mota, ba ka san abin da ake faɗi ba. Mutane da yawa a Turai haka suke. Suna jin daɗin muryar, suna tsammanin waƙar murna ce. Ba su san kukan rashin sadaki suke saurare ba.

Kura da shan bugu

Ga wani abin da zai ba ka dariya, ya kuma ba ka tausayi. Waƙar da aka yi a kan rashin kuɗi ta tara kuɗi masu yawa. An sayar da faifai da kasakasai ba iyaka. A dokar duniya, duk wanda ya tsara waƙa yana da rabo in an sayar da ita ko an sa ta a rediyo. Amma sai an san ko wane ne.

Makeba, in za ta rera ta gaban jama'a, takan ce waƙar Tanzaniya ce. Fadhili William ya daɗe yana neman a san da shi, a ba shi haƙƙinsa. Sunansa ne aka rubuta a matsayin mai waƙar. Ya yi zama a Amurka, ya koma gida, ya rasu a Nairobi a 2001. Adam Salim kuwa bai ɗauke ta a faifai ba, bai kuma rubuta ta a wani ofishi ba. Hujjarsa bakinsa ne da bakin waɗanda suka san shi. Ko da tasa ce, ba shi da takardar nunawa. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kai da ke koyon karatu yanzu, riƙe wannan. Abin da aka rubuta shi ke tsayawa gaban alƙali. Ko gona ce, ko bashi, ko sadaki, a sa a takarda da shaidu.

Mu dawo gida

To, me ya haɗa mu da kukan ɗan Nairobi?

Tambayi tsofaffin garinku yadda aka yi aurensu. Za su gaya maka yaro kan tara abokansa su yi wa surukai gayya. Za su gaya maka kayan ɗakin amarya ƙorai ne da tukwane da tabarmi. Daga baya kwanoni da tasoshi suka shigo. Gadon ƙarfe ya zo, na fomika ya biyo shi, da katifa da kabad. Ta wajen ango kuma, ban da sadaki, ga kuɗin gaisuwa, ga akwatin lefe cike da atamfa, ga goro, ga hidimar biki. Kowace shekara abin ƙaruwa yake. Gona kuwa ba ta ƙaru ba. Raba ta ake yi tsakanin magada, tana ƙanƙancewa.

Hukuma ta san da matsalar tun da daɗewa. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta sa wa kuɗin aure iyaka. Amma abin da ake yi cikin zaure tsakanin gida biyu, doka ba ta ganin sa. Sai ga watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Atamfa, kwano, katifa, duk suka tashi. Malamai suka yi ta wa'azi a kan a sauƙaƙa.

Wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta yi zama a Dogondutsi tun ƙarshen shekarun 1980, tana nazarin zaman mutane. A 2005 ta yi rubutu a kan samarin garin da suka isa aure amma tsada ta hana su. Ta nuna ciwon ya wuce na rashin mata. A wurinmu wanda bai yi aure ba yaro ne, ko da ya yi furfura. Ba a ba shi magana a taro. Ba shi da gidan kansa. Sai ya wuni a fada yana shan shayi, ko ya tafi bida ya yi shekara uku bai dawo ba. Wani in ya dawo da ƴan jikkunansa, sai ya tarar an kai yarinyar ɗakin wani. Wannan saurayi, ko bai taɓa jin kalma ɗaya ta Suwahili ba, ya san Malaika ciki da waje.

Wadda ba a ji bakinta ba

Saura mutum guda da ba mu yi maganarta ba. Ita ce yarinyar.

A cikin waƙar, daga farko har ƙarshe, ba ta ce uffan ba. Ana yabon ta, ana kuka a kanta, amma ba a tambaye ta ba. A labarin Adam Salim ma haka ne. An san abin da ya ji. An san abin da iyaye suka yanke. Abin da Halima ta ji a gidan attajiri, babu wanda ya yi masa waƙa. Sai da mata irin su Makeba da Kidjo suka ɗauki waƙar, sannan mai saurare ya fara tunawa ashe rabuwar nan mutum biyu ta ci.

A ƙasar Hausa an sami wanda ya duba wannan gefe. Marigayi Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, ya yi waƙa mai suna Auren Dole. A ciki ya ja kunnen iyaye masu ba da ɗiya ga wanda ba ta so. Ka san yadda irin wannan aure ke ƙarewa. Yau yaji, gobe biko, jibi gaban alƙali. Kuɗin da aka yi kwaɗayi a mayar da su, yarinya ta dawo gida da goyo.

Kada kuma mu zalunci iyaye. Uban da ya tambayi sana'ar yaro bai yi laifi ba. So ba ya cika rumbu. Uwar da ke tara wa ɗiyarta kwanoni tun tana ƙarama tana da hujja. Kayan ɗaki dukiyar mace ce. Ran da fari ya zo, ko ciwo, ko saki, su za ta sayar ta rufa wa kanta asiri. Sadaki ma haƙƙin mace ne da addini ya ba ta. Nata ne, ba na ubanta ba, ba na baffanta ba.

Amma addinin da ya wajabta shi bai tsananta ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Malamai na ba da labarin wani sahabi da ya so aure, aka ce ya nemo ko da zoben ƙarfe ne, ya rasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar masa da matar a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Je ka tambayi limamin garinku, zai tabbatar maka. Yawancin abin da ke karya samari yau ba sadakin ba ne. Abubuwan da muka ɗora a kansa ne, don kada a ce gidan wane sun fi mu.

Abin da ya rage gare ka

Ya kai mai karatu, in kana da ɗiya, wata rana mutum biyu za su aiko gidanka. Ɗaya da mota, ɗaya da hauya a kafaɗa. Ba mu ce ka kori mai mota ba. Mun ce ka bincika halin kowa. Ka kira yarinyar, ko ka sa gwaggonta ta tambaye ta a ɗaki, a ji wanda take so. In yaron kirki ne mai neman na kansa, ka rage masa kaya. Wanda ba shi da shi bana yana iya samu baɗi.

In kuwa kai ne saurayin, kada ka tsaya ga kuka kamar mai waƙar. Kama sana'a, ko noman rani ne, ko kiwo. Tura manya su yi magana tun da wuri, a faɗi abin da za ka iya. Kada ka ci bashin da zai sa ka gudu ka bar amarya wata biyu bayan biki.

Ke ma uwa, da ke gwaggo, maganar ta shafe ku. Ku ne ke buɗe akwati gaban mata kuna ƙidaya zannuwa. In kun ce ya isa, ya isa.

Idan kun haɗu a ajin yaƙi da jahilci, karanta wa ƴan'uwanka wannan tarihi. Ku lissafa da alƙalami abin da aure ke ci a garinku bana, tun daga gaisuwa har zuwa kai amarya. Ku mayar da shi damman hatsi, ku ga ko gona nawa ke nan. Sannan ku kai lissafin gaban mai gari da liman.

Allah ya ba samarinmu abin yi, ya haɗa kowa da rabonsa na alheri. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.